Gauta Ɗaya a Kan Bagade

Hajiya, gyara zama ki rubuta. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, abin da hannuna ya sani taɓarya ne da fartanya, su ma yanzu sun yi mini nisa. Ke kika ce in daina haɗiye magana tana cin cikina, in faɗa ki zuba a takarda, ko jikokina za su samu mai karanta musu wata rana. To ga ni. In kuka ya zo mini ki ɗan ɗaga alƙalamin ki jira, amma kada ki ce in yi haƙuri. Na yi haƙurin har ya gaji da ni.

Tun da Allah ya ɗauke mijina, Baban Rifkatu, ita Rifkatu ta je ta ɗauko ni ta kawo ni nan Silver Spring, hawa na huɗu, inda ƙafar mutum ba ta taɓa ƙasa sai akwatin ƙarfe ya yarda ya sauke shi. Ban rasa ci ba, ban rasa sutura ba. Yarinyar nan tana aikin nas, ta fita asibiti da sassafe, ta bar mini abinci a firij da ɗumi a ɗaki. Ke kuma kina hawa na biyar, in kika ji shiru ya yi yawa sai ki sauko da carbinki ki ce kin zo duba ko tsohuwa tana da rai. Duk wannan alheri ne, na sani. Amma abin da ke tashina da safe a nan gurnanin jirgin Metro ne da ƙarar motar kwashe shara, kuma har yau in na buɗe ido sai na ɗan kasa kunne, ko zan ji abin da na saba ji.

A ƙauyenmu na gindin duwatsu, lugude ne ke tashin mutum. Gida ɗaya ya fara, na kusa ya amsa, kafin rana ta leƙo duk gari ya ɗauka, kana kwance kana gane taɓaryar kowace mace da irin saukarta. Akwai mai bugu kamar tana faɗa da turmin, akwai mai jefa taɓarya sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Sai ƙarar dutsen niƙa, sai shassheƙar faifai, sai awaki suna neman a kwance su. Ran Lahadi kuwa mai bishara ya ɗauki guduma ya bugi tsohon ƙarfen mota da ke rataye a jikin ɗorawa, ƙarar ta bi duwatsu ta dawo. Majami'armu ta laka ce, jinkar ciyawa, kujerun ma tudun laka ne da aka shafe. Mata su zauna gefe guda da tulunansu na kiɗa da caki, in suka ɗauki waƙa har ƙurar jinka ke zubowa a kanmu. Ba mu da komai, amma ban tuna ranar da mace ta shiga ɗakin nan hannu rabbana ba.

Dalili kuwa, kowace mace mai bin Almasihu tana da 'yar tukunya a bayan ƙofar ɗakinta, muna ce da ita tukunyar Allah. In za ki daka dawa, kafin ki juye a turmi, sai ki cika hannu ɗaya daga saman ƙwarya ki zuba a tukunyar. Kowace rana haka, ko tuwon mutum goma za ki yi ko na mutum biyu. Ran Lahadi ki juye a ƙwarya ki kai gaban teburin da muke kira bagade. Bayan sujada, uwar zumunta, wato dattijuwar da ke shugabantar matan majami'a, ta raba wa waɗanda ba su da mai yi musu noma, gwauraye da makafi da marayu. Innata tana da magana ɗaya da take maimaitawa har muka haddace: "Na Allah daga sama ake ɗiba, ba a sharo shi daga ƙasa." In ta ga yarinya ta juye hatsi a turmi ta manta, sai ta ce, "Ke, kin ci kafin Mai gida ya ci."

Mai bisharar namu yana son karanta mana wurin da Littafi Mai Tsarki ya yi zancen hadayun mutanen dā. Mu da ba mu iya karatu ba sai mu buɗe kunne. Ya ce wanda zai kawo dabba, sai ya zaɓo marar aibi, ba gurguwa ba, ba mai ido ɗaya ba. Ya kawo ta da kansa har ƙofa, ya ɗora hannunsa a kanta kafin a yanka. Ya ce wanda ba shi da sa ya kawo tunkiya, wanda ba shi da tunkiya ya kawo kurciya biyu, wanda ko kurciya ta fi ƙarfinsa ya kawo ɗan gari. Akwai hadayar da ake ƙonewa ƙurmus, hayaƙi ya tafi sama, ba mai ɗanɗana ko tsoka. Akwai kuma ta salama, wadda ake ƙona wani sashe, sauran a zauna a ci tare a gaban Ubangiji. A lokacin ban ga bambancin wannan da abin da kakana ke yi ba, shi da bai shiga bi ba har ya mutu. Yakan yanka baƙar kaza a gindin wani dutse in damina ta yi gardama, yana roƙon kada a yi fushi da mu. Na ɗauka duk ɗaya ne, ka ba mai ƙarfi abinsa ya ƙyale ka. Wanda kuma yake ba da abu don a ƙyale shi, in ya samu hanyar rage mudu zai rage.

Na samu hanyar a wata shekara ta yunwa. Ina budurwa a lokacin, ba a kai ga zancen aurena ba. Ruwa ya yi jinkiri, da ya zo kuma ya zo da marka, rumbu ya yi ƙasa har sai an zura yaro da igiya ya kwaso abin da ya rage. Tafasa da rama muke cika ciki da su. Inna tana jego, daka ya dawo hannuna. Ina kallon ƙannena suna lashe akushi, sai na yi lissafin yara: hannu ɗaya sau bakwai ai tuwon dare guda ne. Allah kuwa ba a ganin bakinsa. Saboda haka a makon nan ban ɗibi na sama ba. In na gama daka sai in share gindin turmi, in tattara tsabar da ta fantsama, in ɗan busa ƙaiƙayin, in zuba a tukunya da ƙasarta da komai. Ran Lahadi na juye a ƙwaryar Inna, na yayyafa mai kyau a sama, na ɗora a ka na kai gaban bagade ina waƙa da ƙarfi fiye da kowa.

Da a shekarar ƙoshi ne, da an juye duka a babban masaki an gauraya, laifina ya ɓace a cikin na jama'a. Amma ranar ƙwarya biyar ce kawai ta zo, uwar zumunta ba ta ga amfanin gaurayawa ba, ta miƙa wa kowane mabukaci ƙwarya guda yadda take. Tamu ta faɗa hannun Goggo Ladi, wata tsohuwa makauniya da 'ya'yanta duka suka riga ta. Ba ta da ƙarfin niƙa, sai ta dafa hatsin tsabarsa. Washegari Inna ta aike ni in karɓo ƙwarya. Na same ta zaune a bakin ƙofa, ta danne baki da tsumma, tsumman ya yi ja.

Ta ce, "Wa ke nan?"

Na ce, "Ni ce, Goggo. Inna ta ce a ba ni ƙwarya."

"Matso, 'yar nan. Kawo hannunki."

Na miƙa. Ta lalubo tafina ta buɗe, ta ajiye abu biyu a ciki ta naɗe yatsuna a kai. Da na duba, tsakuwa ce da haƙori.

Ta ce, "Ɗaya nawa ne, ɗaya naki. Shekara nawa uwarki tana aiko mini da hatsi, na san hannunta, wannan ba hannunta ba ne. Haƙora huɗu gare ni jiya, yau kin mai da ni mai uku. Da kin bari sun kai ni kabari, ai ba nisa." Har ta yi 'yar dariya, jinin ya sake zubowa. Sa'an nan ta ce, a hankali, ba faɗa, "Dutsen da kika ba Allah, a bakina ya sauka."

Hajiya, an zage ni a duniya, an yi mini gori, na binne 'ya'ya biyu da miji, amma ba maganar da ta zauna mini a ƙirji kamar wannan. Na koma gida na faɗa wa Inna da bakina. Na shirya wa duka, ba ta ko ɗaga hannu ba. Ta tashi da jegonta, ta ɗauki ƙwaryar hatsin ranar, wanda bai kai ya ishe mu ba, ta cika hannu daga sama ta zuba a tukunya ina kallo. Ta ce daga yau ni ce mai yi wa Goggo niƙa. Haka na yi ta yi har ranar da aka fitar da tsohuwar. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, sai dai in na kawo gari ta shafa ta ce, "Yau dai ba a haɗo mini da kayan gini ba ko?"

Sai da na yi aure na samu mai warware mini abin. Baban Rifkatu ya yi ajin yamma na majami'a, yana karatu da yatsa a kan layi, a hankali kamar mai bin sawun akuya. In mun dawo gona ya wanke ƙafa, ya zauna a kan turmin da aka kifa ya karanta mini ina gyaran ganye. Wata rana na tambaye shi, na ce tun da Allah ba ya jin yunwa, me ya sa ya nace sai marar aibi? Ya ce, "Ba cikinsa yake son cikawa ba, hannunki yake son buɗewa." Ya ce ɗora hannun nan da mai hadaya ke yi a kan dabba, cewa yake yi, wannan ni ne, ni nake hawa bagaden. Wanda ya kawo gurguwa ya faɗi abin da ya ɗauki kansa da abin da ya ɗauki Allah. Ya ce bambancinmu da kakana shi ne, shi yana bayarwa don kada a yi fushi, mu kuwa an riga an biya mana. Yesu Almasihu ya zama Ɗan Ragon da ba shi da aibi, ya hau sau ɗaya ya gama, ba sauran jinin da za a zubar don zunubi. Abin da ya rage mana godiya ce. "Ita kuwa godiya," in ji shi, "in ba ta taɓa ki ba, ba ta fito daga gare ki ba."

Mutumin nan manomin gauta ne. Ba yalo mai faɗi ba, ƙaramin gautan nan na kan dutse mai ɗaci, wanda in aka yanka guda biyu a fate har maƙwabta sai sun sani. Irin daga wurin ubansa ya gada, ubansa daga nasa uban. Kowace shekara yakan zaga gonar ya zaɓi wanda ya fi kowane kyau, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya don kada yara su tsinka, ya bar shi ya nuna ya yi jawur. Shi ne na iri. Kwandon farko kuma na majami'a ne, ranar godiyar kaka, ranar da ake cika gaban bagade da dammunan dawa da acca da doya da kaji masu ɗaurarrun ƙafafu suna ta kuka ana wa'azi. Nakan tsokane shi in ce, "Kai dai ka rasa abin ba Allah sai ɗaci." Ya ce, "Shi ya san abin da ke gyara miya."

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi wata biyu ba. Ba zan shiga wannan ba yau. Gonar kuwa yanzu an yanka ta filaye, 'ya'yan 'yan'uwansa duk suna birni, ba wanda ya tuna da wani iri. Da zan taho na ɗauko rigarsa ta gona, wadda ta sha faci, don in riƙa jin ƙanshinsa. Sai da na yi sanyi guda a ƙasar nan, ina ninke ta wata rana, na ji ɗan ƙulli a aljihu. Tsumma ne, a ciki 'ya'yan gauta busassu, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ke shaida ce a kan sauran. Da ɗumi ya dawo Rifkatu ta sayo mini ƙasa a buhu, abin da ban taɓa zaton ana sayarwa ba, muka huda bokiti muka ajiye a baranda. Uku suka tsiro, ɗaya ya rayu. Ina kwana ina tashi da shi. Ina yi masa magana, ba na ɓoyewa, har kika ce in ban yi hankali ba za a ce tsohuwa ta yi sabon miji. Ya yi fure da yawa, iska ta kakkaɓe, biyu kawai suka kama. Sai kuregen ƙasar nan, wanda ba ya tsoron mutum ko kaɗan, ya hau har hawa na huɗu ya gatsi guda tun yana ɗanye ya yar. Na tsince shi na sa a firij, rabi lafiya rabi rauni, 'ya'yan cikinsa farare ba su ƙosa ba, ko an shuka ba za su fito ba. Ɗayan na yage bakin tsumman Baban Rifkatu na ɗaura masa a wuya, na kifa masa kwandon wanki, na zauna gadi da sanda. Ya nuna ya yi jawur, ba tabo ko ɗaya. A duk duniya shi kaɗai ya rage daga gonar mutum uku. Ganyen itatuwa kuma sun fara ja suna zuba, kowa ya san sanyin da ke tafe ba ya barin shuka a waje.

Majami'armu ta nan ɗakin haya ce, muna shiga da rana bayan masu wurin sun gama tasu sujadar. Mutanen kirki ne, yawancinsu daga wajenmu, ana waƙa da Hausa har in manta inda nake. Amma lokacin baiko sai ka ga kowa ya ɗaga waya ya nuna wa wani zane a bango, shi ke nan an bayar. Ba ƙwarya, ba tafiya gaba, ba abin da ya bar hannu ka ji nauyinsa ya ragu. Ban ce nasu bai karɓu ba, gumin dare da rana ne suke turawa, na ga yadda Rifkatu ke dawowa ƙafa a kumbure. Ni ce dai ba ni da komai a ciki. Takan danƙa mini abin da zan saka a ɗan akwatin da ke bakin ƙofa kamar yadda ake ba yaro, in saka in dawo in zauna ina jin kunya. Nakan tuna sarkin nan da Baban Rifkatu ya karanta mini, wanda aka ba shi masussuka da shanu kyauta ya yi hadaya, ya ƙi, don ba ya son ya miƙa wa Allah abin da bai rage shi da komai ba. Tun da na zo ƙasar nan ban ba Allah abin da yake nawa ba, don ba ni da shi. Sai da fasto ya sanar da ranar godiyar kaka, ya ce kowa ya kawo daga amfanin hannunsa, na tuna da bokitin baranda. Na san ina da abu ɗaya.

Kwana shida ina kokawa. Ran Asabar na fito da gatsattsen daga firij, na sa shi a ɗan faranti, na juya raunin ƙasa. Ta sama lafiya lau yake, kore shar. Ina cikin gyara masa zama kika shigo, Rifkatu ma tana gida.

Rifkatu ta ce, "Mama, ki kai wannan ɗin mana. Wa zai ɗaga ya duba? Ko in saya miki buhun shinkafa a shagon 'yan Afirka, a rubuta sunanki."

Na ce, "Ni na noma shinkafar?"

Ta ce, "To ki fasa jan, ki kwashe 'ya'yan ki shanya, ki kai sauran. Allah ai ya san na Baba ne. Zai gane."

Ke kuma kika kalli farantin, kika sa yatsa kika juya gautan raunin ya dawo sama, kika ce, "Maman Rifkatu, ni ba ruwana da shiga addinin mutane. Amma mu ko ragon layya ba ma kai mai ido ɗaya, ko da an juya shi ta ɗaya gefen." Kika yi dariya kika ƙara da cewa ku ma nan sai dai a buga waya gona a yanka, a miƙo nama a leda, mutum bai ko ga idon ragonsa ba. Ni ban yi dariya ba. Ina kallon raunin nan, sai na ga ƙwaryar Inna da mai kyau a yayyafe a sama. Shekara nawa, ga furfura, ga jikoki, ashe yarinyar nan mai share gindin turmi tana nan a cikina ba ta je ko'ina ba.

Ran Lahadi da hantsi na fita baranda na kwance ƙyallen, na tsinke jan gautan. Ban sa a leda ba, a tafin hannu na riƙe shi har cikin bas. Gaban bagade ya cika da buhunan shinkafa da jarkokin mai da katan-katan na kayan shago, wasu har da takardar farashi a jiki. Da aka kira mata muka taso da waƙa. Na isa gaba na ajiye shi a kan farin ƙyallen teburin, ɗan abu kamar ƙwan kaza a tsakanin manyan kaya. Na ɗora hannuna a kansa. Ban yi doguwar addu'a ba. Na ce, Ubangiji, ga ni, ga mijina, ga ubansa da kakansa. Ka ba ni shi shekara da shekaru, ban taɓa cewa na gode ba tun da ka karɓe shi. Na gode. Na ɗaga hannun, na koma na zauna.

Al'adarsu a nan, kayan da za su ajiyu a kai wa mabukata, ɗanyun kuma a dafa a ci tare bayan sujada. Uwar zumuntarmu ta nan ta ɗora ƙaramar tukunyar faten tsaki saboda tsofaffi, don yara sun fi son shinkafa. Ina zaune kusa da ƙofar kicin na ga ta ɗauko gautan tana juyawa, ta ce, "Kai! Wa ya samo wannan?" Ta ɗauki wuƙa. Rifkatu ta yunƙura, na san abin da za ta ce, a cire mana 'ya'yan kafin a zuba. Kalma biyu ce, ba wanda zai ga laifi. Ni ma bakina ya buɗe. Sai na kama wuyan hannunta na riƙe. Ta ce, "Mama!" Na ce, "Zauna. Ba namu ba ne." Wuƙar ta sauka, na ga 'ya'yan sun bayyana, rawaya, cikakku, kowane ɗaya gona guda. Ta tattara duka da gefen wuƙa ta zuba a tukunya. Rifkatu ta juya fuska bango tana share ido, sai a lokacin na tuna ba ni kaɗai na yi rashi ba.

Akwai wani dattijo da 'ya'yansa ke turowa a keken marasa lafiya, mutumin wajen duwatsu ne shi ma. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya cika magana, abinci ma sai an yi ta lallashi. Aka zuba masa faten, 'yarsa tana ba shi a cokali, ni ina daura da su da nawa kwanon ban iya kai hannu ba. Ya karɓi cokali ɗaya, ya karɓi na biyu. A na uku sai ya tsaya da tauna. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya sa yatsa a baki yana lalube. Hajiya, na ajiye kwanona. Na ga Goggo Ladi a bakin ƙofa da jan tsumma. Ya zaro abin ya kawo kusa da ido, 'yar jar fatar gauta ce. Ya daɗe yana kallonta. Sa'an nan ya mayar baki ya tauna, ya dubi mutanen da ke kewaye da shi, ya ce da muryar da ta daɗe ba ta fita ba, "Wa ya je gida bai gaya mini ba?"

Aka yi ta dariya, 'yarsa tana dariya tana kuka, shi kuwa ya buɗe baki yana jiran cokali na huɗu. Ba wanda ya san daga ina gautan ya fito, ban kuwa faɗa ba. Na ɗauki nawa na ci. Ɗacin nan ne, shi ɗin dai, na gonar Baban Rifkatu da ke bayan rafi.

Sanyi ya zo ya kashe shukar kamar yadda aka sani. Na zubar da ƙasar, na wanke bokitin, ga shi can a kife. Kin tambaye ni jiya me zan shuka baɗi, na ce ban sani ba, har yanzu ban sani ba. Irin ya ƙare, ba zan yi miki ƙarya in ce ba ya yi mini ciwo ba. Da safe in na leƙa baranda na ga wurin wayam, sai in ji kamar ranar aka fitar da Baban Rifkatu. Amma nauyin da na ɗauko tun daga bakin ƙofar makauniyar nan, na neme shi a ƙirjina ban same shi ba.

Rubuta wannan a ƙarshe, da manyan baƙaƙe yadda jikokina za su gani. Sau biyu na ga inda baikona ya sauka, duka biyun a bakin tsoho. Na biyun ba dutse ba ne.